Dashen Yazawa Ɗan Aure da Dalilan Jinkirin Manomi

A 'yan shekarun nan itacen yazawa, wanda waɗansu ke kira kashu, ya fita daga cikin itatuwan da yara ke jifa don marmari, ya shiga cikin kayan da ake aunawa a sikeli a ɗura a buhu a kai bakin teku. Kowace shekara, daga watan Fabrairu zuwa Mayu, masu saye sukan bazu cikin ƙauyukan Kogi da Kwara da Oyo da Binuwai da Nasarawa, har zuwa kudancin Jihar Kaduna, suna neman ƙwallonsa da kuɗi a hannu. Ganin haka ya sa manoman ƙasar Zazzau su ma suka fara tambaya ko itacen nan zai karɓe su. Malaman gona kuwa amsarsu guda ce, watau wanda zai dasa yazawa ya bar tsintar ƙwallo a gindin kowace bishiya yana binnewa, ya nemi dashe ɗan aure wanda aka san uwarsa. Shawarar nan gaskiya ce, amma masu bin ta kaɗan ne. Abin da aka saba faɗi a ofisoshi shi ne wai manomi taurin kai gare shi, ba ya son sabon abu. Wannan hukunci an yanke shi ba tare da an saurari wanda ake ƙara ba. Manomi yana da dalilansa, dalilai ne kuwa na mai hankali, kuma maganin galibinsu yana hannun malamai da attajirai na birnin Zazzau fiye da yadda yake hannun ma'aikatan gwamnati.

Kafin a shiga dalilan, ya kamata a san itacen. Asalinsa daga arewa maso gabashin ƙasar Barazil ne. Turawan Fotugal suka ɗauko shi cikin jiragensu a ƙarni na 16 suka kai shi gaɓar Afirka da ta Indiya. Ya daɗe a ƙasashen nan ana dasa shi don inuwa da tsare ƙasa daga zaizaya, ba a ɗauke shi dukiya ba. A Nijeriya sai cikin shekarun 1950 gwamnatocin Gabas da Yamma suka buɗe manyan gandayensa. Binciken sha'aninsa kuwa yana hannun Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, tana kuma da reshe a Ochaja cikin Jihar Kogi inda ake kula da irin yazawa musamman. Wanda yake son ya ga iyakar inda itacen nan zai kai ƙasa, sai ya dubi Kwaddibuwa. Arewacin ƙasar, wajen Korogo da Bonduku, inda fataken Hausa suka riƙa ratsawa neman goro tun zamanin kakanni, an fara dasa masa yazawa ne don a mayar da daji, ga shi a shekarar 2023 ƙasar ta tara ƙwallo fiye da tan miliyan 1, ba wata ƙasa a Afirka da ta kamo ta. Mafi yawan ƙwallon da Afirka ta Yamma ke nomawa ɗanye ake tura shi Biyetnam da Indiya, can ake fasa shi a ɓare a sayar wa Turai da Amurka.

To, mene ne ya sa ake cewa a bar shuka ƙwallo? Dalilin yana cikin halittar itacen. Furen yazawa ƙudan zuma da sauran ƙwari ke ɗaukar garinsa daga wannan bishiya zuwa waccan, saboda haka kowane ƙwallo uwarsa sananniya ce amma ba mai iya faɗin daga inda ɗaya ɓangaren ya zo. Mutum ya tsinci ƙwallo ɗari a gindin bishiya mai albarka ya shuka, in sun girma sai ya tarar kowace da halinta. Wata ta yi 'ya'ya manya, wata ƙanana kamar gujiya, wata kuwa ta tashi ƙatuwa mai duhun ganye ba ta ba da abin kirki sai inuwa. Ba ya gane wannan sai bayan shekara huɗu ko biyar, sa'ad da ya riga ya ɓatar da ƙasa da wahala. Aure kuwa shi ne a yanko ɗanyen reshe daga uwar da aka gwada aka tabbatar da kyanta, a tsaga kan ƙaramin dashe da aka tsirar cikin leda, a soka reshen, a ɗaure har su haɗe su zama itace guda. Abin da ya tashi daga nan halin uwar yake ɗauka ba ragi ba ƙari, yakan kuma fara 'ya'ya a shekara ta biyu ko ta uku. Mutanen Zazzau ba baƙin wannan aiki ba ne, gama sun san bambancin mangwaro ɗan aure da na gargajiya a baki da kuma a aljihu.

Sai kuma a san yadda ake yanka wa ƙwallo kuɗi a kasuwar duniya, domin nan ne amfanin iri mai kyau yake bayyana. Mai saye a Ikko ba ya duban buhu da ido kawai. Yakan ɗebi kilo guda ya ƙirga, in ƙwallon bai kai 200 ba ya san manya ne. Sa'an nan ya tsaga su da almakashi ya fitar da ƙwayar da ke ciki, ya ware mai kyau da ruɓaɓɓiya da wadda ba ta nuna ba, ya auna, ya lissafa laba nawa na ƙwaya mai kyau buhu mai kilo 80 zai bayar. Buhun da ya ba da laba 48 ko fiye ana lissafa shi cikin masu daraja. Da wannan awo ne ƙwallon Ogbomosho ya yi suna. Gonar da aka cika da 'yan aure daga uwaye zaɓaɓɓu ƙwallonta yakan fito bai ɗaya, ya nuna kusan lokaci guda, ya ci wannan jarrabawa. Gonar tsintuwa kuwa gauraye take bayarwa.

Tun da amfanin a fili yake haka, me ya hana manomi? Tarihin ƙasar Zazzau kansa ya isa ya ba da amsa, domin ba yau aka fara kawo wa manomin nan sabon iri ba. Sa'ad da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Turawan kamfanin auduga na Ingila, watau BCGA, sun sa rai Arewa za ta cika masaƙun Lankasha da auduga, har suka kafa injin gurza a Zariya. Da kakar 1912 ta zo, sai manoman Kano suka juya ga gyaɗa, domin fatake sun ba ta kuɗi mai kyau, kuma in kasuwa ta ƙi ana iya cinta. Ba wanda ya yi musu lacca a kan gyaɗa. A ƙasar Zazzau da kudancin Katsina kuwa audugar Allen mai asali daga Amurka ta samu shiga, saboda ana raba irinta ta hannun En'e, ga kasuwar auduga kusa, ga ma'auni, ga kuɗi a ranar. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka buɗe a 1922 ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta yi ta gyara irin nan tana fitar da sabo, manoma suna karɓa.

Amma akwai shawarar Samaru guda da manoma suka ƙi, ita ce ta shuka auduga da wuri cikin watan Yuni. Aka yi ta zarginsu da lalaci, har wani masani mai suna David Norman ya zauna ya bi aikin gidaje a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi cikin 1966 da 1967, yana rubuta abin da kowa ya yi a gona rana rana. Binciken nan da waɗanda suka biyo shi suka nuna cewa Yuni da Yuli su ne lokacin da noman gero da dawa ya fi matsa wa gida, wanda ya bar abincinsa cikin ciyawa ya tafi hidimar auduga ya sayi yunwa da kuɗinsa. Suka kuma nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona guda, wanda ake yi wa kallon rashin wayewa, dabara ce ta samun amfani mai yawa da kauce wa hasara. Daga baya, da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, aka kawo masara mai suna TZB daga cibiyar IITA ta Ibadan tare da taki mai rahusa da hanyoyin mota. Cikin 'yan shekaru masarar da a dā ake shukawa a bayan gida don gasawa ta zama babbar shukar Funtuwa da Giwa da Soba da Saminaka. Mutanen da aka ce ba su son sabon abu su ne suka yi wannan. Abin da labaran nan uku ke koyarwa shi ne manomi yakan karɓi iri in ya gani da idonsa, in bai taɓa masa abincin gida ba, in kuma akwai mai saye da zai biya. Sai a auna dashen yazawa da wannan mudu.

Dalili na farko shi ne rashin shaida. Irin masara in ya yi ƙarya wata huɗu ya isa a kama shi, manomi ya yi hasarar damina guda ya sake dila. Dashen itace kuwa ƙaryarsa ba ta fitowa sai bayan shekara uku. Mai sayarwa a bakin titi yana iya ɗaura leda a wuyan dashen tsintuwa ya ce ɗan aure ne. Yana iya yin auren na gaske amma da reshen da ya yanko daga kowace bishiya da ya samu, wanda kuwa bai fi tsintuwa da kome ba. Manomi ba shi da hanyar ganewa, ciniki ya zama na biri a sama, kuma ranar da gaskiya ta fito mai sayarwa ya daɗe da tashi daga wurin. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, shi da maƙwabtansa duka sun gama da dashen saye. Malamai sun fi kowa sanin wannan matsala, gama a wurinsu labari ba ya karɓuwa sai an san wanda ya ji daga wa. Dashe ma isnadi yake bukata: a san uwar da aka yanko reshen, a san gonar da take, a san mudu nawa take bayarwa a shekara, a san hannun da ya yi auren.

Akwai kuma nisa a cikin wannan dalili. Wuraren da aka san su da renon dashen yazawa suna kudu ne, kwana guda a mota daga Zariya. Dashe ɗan aure abu ne mai laushi, jijjigar hanya da zafin rana sukan raba mahaɗin, ya iso da rai a ido amma ya mutu bayan mako biyu. Ban da haka, uwar da ta yi kyau a ƙasar Igala inda damina ke da tsawo ba lalle ta yi kyau a Zazzau ba, inda ruwan shekara bai wuce wajen milimita 1,000 ba, rani kuwa yakan kai wata shida ko bakwai, hunturu kuma yana busawa daidai lokacin da yazawa ke fure. Manomin da ya yi shakka a nan shakkarsa tana bisa hanya.

Dalili na biyu shi ne jira da tsada. Ƙwallon tsintuwa kyauta ne, in ya mutu a sake binne wani. Ɗan aure kuwa da kuɗi ake sayensa, a biya mota, a haƙa rami, a zuba taki. In an ba da tazarar mita 10 tsakanin itace da itace, hekta guda tana cin dashe 100, in mita 9 ce wajen 123. Kuɗin nan duka a farkon damina ake fitar da su, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki na masara, ga na 'yan ƙwadago. Bayan an dasa, sai ranin farko ya zo da nasa: a yi ban ruwa, a kare gara, a yi shinge saboda awaki da shanun da ake saki bayan kaka, a share kewaye saboda gobarar daji. Mai gida wanda ke lissafin abin da za a ci zuwa watan Agusta ba ya iya binne kuɗinsa shekara uku, ko da ya gaskata duk abin da malamin gona ya faɗa.

Dalili na uku shi ne ƙasa, shi ne kuma mafi nauyi. Manoma da yawa a kewayen birni gonakin da suke nomawa na aro ne, ko haya, ko jingina, ko kuwa gādo da ba a raba ba. A al'adar ƙasar Hausa dasa itace alamar mallaka ce, shi ya sa mai gona ba ya yarda ɗan aro ya dasa ko da ɗorawa guda, don kada wata rana 'ya'yansa su tashi su ce gonar ubansu ce. Ɗan aro kuma ba ya dasa abin da zai yi shekara talatin yana ba da amfani a ƙasar da za a iya karɓewa baɗi. Haka ɗan'uwa cikin magāda ba ya zuba dukiyarsa a gonar da bai san wane yanki zai faɗo masa ba. Sai a wayi gari mai ƙarfin aiki ba shi da ƙasa, mai ƙasa kuwa yana zaune cikin birni a Unguwar Juma ko Kwarbai ko bakin kasuwa, ba shi da lokacin zuwa gona. Dokar Ƙasa ta 1978, wadda ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ba ta warware wannan ƙulli ba a ƙauye, domin can har yanzu maganar dagaci da shaidun unguwa ita ce takarda.

Dalili na huɗu shi ne kasuwa, nan kuwa maganar ta iso ƙofar attajirai. An riga an faɗi yadda ake gwada ƙwallo a Ikko a biya kowane buhu gwargwadon darajarsa. Amma yaran da ake aikawa ƙauye da kuɗi galibi kuɗi guda suke yankawa, babba da ƙarami, busasshe da ɗanye, duk a mudu ɗaya. Ribar kyan ƙwallo takan tsaya a hannun na tsakiya, ba ta isa ga wanda ya dasa ba. In mai ɗan aure da mai tsintuwa kuɗi guda za su karɓa a kilo, to an rage wa ɗan aure rabin hujjarsa. Har ma abin yakan koya wa manomi mugun hali, ya kakkaɓo ƙwallo bai nuna ba, ya ƙi shanya shi kwana biyu ko uku da ake bukata, tun da nauyin ruwa ma kuɗi ne. Ƙarshenta sunan ƙasa duka ya ɓaci wurin masu saye na ƙetare, a rage wa kowa.

To, ina magani? Na farko, a kawo reno kusa. Yazawa ba ta cikin amfanin gonar da aka ɗora wa cibiyar Samaru bincikensu, nata su ne irin su dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga. Amma hukumar wayar da kan manoma ta ƙasa, watau NAERLS, a Zariya take, haka Kwalejin Aikin Gona ta Samaru da tashar binciken itatuwan daji. Ba abin da zai hana su haɗa kai da Ibadan da Ochaja a bi gonakin Jihar Kaduna a nemo bishiyoyin da suka riga suka nuna kyansu cikin wannan iska da wannan rani, a sa musu lamba, a auna amfaninsu shekara uku a jere, a kafa lambun uwaye a bakin Galma ko Kubanni inda kowa zai iya zuwa ya gani. Aikin aure kansa ba ya bukatar digiri, wuƙa ce mai kaifi da leda da hannu mai natsuwa. Samari da almajirai manya suna iya koyonsa cikin 'yan makonni ya zame musu sana'a. Kowane dashe ya fita da takarda mai sunan mai reno da lambar uwa, mai renon kuwa ya zama mutumin gari wanda za a same shi bayan shekara uku. Haka Barazil ta yi a jihar Siyara cikin shekarun 1980, ta fitar da gajeren iri mai saurin haihuwa wanda ake yaɗawa ta hanyar aure, haka kuma Indiya ta yi a tashar Bengurla.

Na biyu, kada a ce wa talaka ya ba da gonarsa duka. Ya fara da layi guda a iyaka, ko itace goma, ya gwada su gefe da gefe da na tsintuwa, gani ya kori ji. Tsakanin layuka kuwa ya ci gaba da shuka gyaɗa da wake da waken suya shekara uku na farko, kafin inuwa ta rufe, ta haka noman da ake yi wa gyaɗa ya zama shi ne noman dashen, abinci kuma bai yanke ba. A dasa cikin Yuni sa'ad da ruwa ya zauna, don saiwa ta kama kafin rani. Wanda kuma yake da tsofaffin bishiyoyi marasa amfani ba sai ya tumɓuke su ba. Ana sare su a bar kututture, in ya yi toho a aura masa reshen uwa mai kyau, ya komo da haihuwa da sauri tun da saiwarsa ta riga ta yi zurfi.

Na uku, maganar ƙasa, maganinta yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan birnin nan. Malaman Malikiyya sun san ƙulla yarjejeniyar da ake kira mugarasa, Ibnu Asim na Andalus ya ware mata fasali cikin Tuhfatul Hukkam. Ma'anarta mai ƙasa ya ba wani fili ya dasa itatuwa masu daɗewa, a ambaci irinsu, a yanka iyakar aikin wadda ba za ta wuce fara haihuwarsu ba, in an kai nan mai dashe ya mallaki rabo sananne, rabi ko sulusi ko abin da suka daidaita, cikin itatuwan da ƙasar da suke kai. Ga mai ƙasa ya sami gona rayayya bai ɗaga fartanya ba, ga mai ƙarfi ya sami abin da zai bar wa 'ya'yansa. Abin da ya rage shi ne malamai su fito da babin nan daga takarda su bayyana shi da Hausa a majalisi, su nuna sharuɗɗansa, a rubuta kowace yarjejeniya da shaidu da sanin dagaci da ƙaramar hukuma, don kada ta zama rigima bayan mutuwar waɗanda suka ƙulla. Haka nan su riƙa kwaɗaitar da magāda su raba gādon gona da wuri, gama gonar da ba a raba ba kowa yana ci ba mai gyarawa.

Na huɗu yana wuyan attajirai. Almakashin tsaga ƙwallo da ƙaramin sikeli ba su fi ƙarfin kowane ɗan kasuwa ba. Wanda ya fara gwada kaya a gaban manomi, ya ce wannan na fari ne kuɗinsa kaza, wannan na biyu ne kuɗinsa kaza, ya yi wa dashe ɗan aure tallan da ya fi na rediyo, kuma shi ne kaya masu kyau za su riƙa nema baɗi. Attajirin da ke da hali yana iya sayen dashe daga amintaccen mai reno ya ba manoman da yake hulɗa da su, a jinkirta biya sai itacen ya fara haihuwa, a rubuta adadi da lokaci a fili, ba tare da ƙari ko danniya ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga jikokin waɗanda suka ba da jari aka noma gyaɗar da ta gina dalar Kano.

Akwai gargaɗi guda da bai kamata a ɓoye ba. Kuɗin ƙwallo ba a Zariya ake yanka shi ba. A 2017 ya hau ƙwarai, mutane suka ruɗe, a 2018 ya faɗo har 'yan kasuwa da yawa a Afirka ta Yamma suka rasa inda za su kai kayansu. Ƙwallon yazawa kuwa ba a tuƙa tuwo da shi, ga man ɓawonsa yana ƙona fata in ba a iya fasa shi ba. Saboda haka wanda ya kori dawa da masara daga gonarsa ya cika ta da yazawa ya jingina cikin iyalinsa ga kasuwar da bai taɓa gani ba. Wurin yazawa shi ne tudu mai jan ƙasa ko yashi wanda ruwa ba ya kwanciya, da iyakokin gona, da filayen da suka gaji. Fadama da gonar abinci a bar su ga abin da aka san su da shi. Manomin da ya tsaya a kan wannan ya fi mai yi masa gaggawa gaskiya.

Rimayen da ke tsaye cikin ganuwar Zazzau, waɗanda matafiyi ke hangowa tun kafin ya iso Ƙofar Doka, waɗanda suka rene su ba su ne suka fi shan inuwarsu ba. Mutanen da suka gāji wannan ba sa bukatar a koya musu haƙurin dasa itace. Abin da suke bukata shi ne dashen da aka san asalinsa a kusa da su, da ƙasar da ba za a ƙwace ba bayan itace ya girma, da mai saye wanda zai bambanta mai kyau da maras kyau. Na farko aikin Samaru ne da gwamnatin jiha, na biyu na malamai da masu gonaki, na uku na 'yan kasuwa. Wanda yake da fili a bayan ganuwa, ko almajirai masu neman sana'a, ko jarin sayen amfanin gona, ya san nasa rabon tun kafin ruwan Yuni ya sauka. Allah ya sa a dace.